Ruwan da ba ya sallama: tafiyar jirgi a gaɓar Norwe

Ruwan saman gaɓar tekun Norwe ba ya sallama. Namu na gida yana da kunya: gabas za ta yi baƙi, iska ta taso da ƙura, mata su kwashe shanya, 'yan kasuwa su ja tamfol, sannan ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ya gama abin da zai yi ya wuce. Can kuwa kana tsaye rana na dukan goshinka, sai ka sunkuya ɗaure igiyar takalmi, ka ɗago ka tarar dutsen da kake kallo ya ɓace, wani yayyafi mai sanyin ƙanƙara yana bin wuyan rigarka. Ba tsawa, ba walƙiya, ba hadarin da za ka nuna da yatsa. Kafin ka lalubo abin rufa ya ɗauke, rana ta dawo tana haska jiƙaƙƙen ƙarfen jirgi. Haka za a yi ta yi tun safe har dare, in ma daren ya zo, don akwai inda ba ya zuwa.

A ƙarshen watan Yuni na bi jirgin ruwan da ke zirga-zirga tsakanin Bergen, a yammacin ƙasar, da Kirkenes da ke can ƙuryar arewa, dab da iyakar Rasha. Hanyar ita ake kira Hurtigruten. Wani kyaftin, Richard With, shi ya buɗe ta a 1893 da jirginsa Vesteraalen, daga Trondheim zuwa Hammerfest, a zamanin da wasiƙa kan yi makonni a hanya, da hunturu ma watanni, kafin ta isa garuruwan arewa. Yau jiragen kan tsaya a tashoshi 34, zuwa da dawowa kwana 11. Ba irin katafaren jirgin nan ba ne da ake kwana ana raye-raye da caca a ciki. Yana ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, amma har gobe yana sauke kaya da motoci da mutanen ƙauye. Wata tashar 'yan mintoci kawai zai yi a cikinta, a jefa igiya, a sauke kwalaye, a kwance a wuce. Abin kallon tafiyar duk a waje yake, a saman jirgi inda ba rufi. Wanda bai shirya wa ruwa ba, ta bayan gilashi mai raɓa zai ga ƙasar da ya kashe dukiya don ya gani.

Ƙanina da ke karatu a Jami'ar Bergen ne ya haɗa mini akwati ta waya tun ina gida. Ya ce, "Yaya, don Allah kada ka cika jaka da shadda. Ɗauki kala ɗaya saboda Juma'a, sauran wurin ka bar wa ulu da roba." Na ce ai lokacin zafinsu ne. Ya yi dariya, ya ce, "Zafin nasu ke nan, Yaya, digiri 14 da yayyafi."

Bai yi ƙari ba. Ruwan da ke sauka a Bergen a shekara ya haura milimita 2,200, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma a rarrabe yake cikin kwanaki sama da 200. An taɓa jera kwana 85 ana ruwa kullum, daga ƙarshen Oktoban 2006 zuwa Janairun 2007. Mutanen garin, da wani irin alfahari, za su gaya maka ka zo a lokacin sauƙi, don watannin Mayu da Yuni na cikin waɗanda suka fi ƙarancin ruwa. Dalilin abin a fili yake ga duk wanda ya hau dutsen Floyen da jirgin igiyar da ke jan mutane tun 1918, ya waiwaya yamma. Teku ce shimfiɗe ba iyaka. Wata igiyar ruwa mai ɗumi, wadda ta faro tun daga mashigin tekun Meziko, tana ratso Atlantika ta bi gaɓar Norwe har arewa. Ita ce ta hana tashoshinsu daskarewa da hunturu. Iskar yamma kan biyo ta kan wannan ruwa ta ƙoshi da laima, ta zo ta ci karo da duwatsun da suka tsaya a bakin teku. Ba hanya sai sama. Tana hawa tana sanyi, tana sanyi tana zubar da abin da ta ɗauko. Kafin ta tsallake duwatsun ta tatse ƙarƙaf, shi ya sa a bayansu akwai wani kwari, Skjak, da ruwan shekararsa wajen milimita 300 ne kacal, manomansa tun ɗaruruwan shekaru da magudanun ban-ruwa suke noma. Fari da marka a ƙasa ɗaya, dutse ne kawai tsakaninsu.

Ban yi mamaki ba da na ji cewa a wannan gari aka kafa tubalin hasashen yanayi na zamani. Vilhelm Bjerknes ya zo Bergen a 1917, shi da ɗansa Jacob da wasu matasan masana suka bayyana yadda iska mai sanyi daga arewa ke karo da mai ɗumi daga kudu, karon ya haifi jerin hadarin da ke tafe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ake jiƙawa kullum dole ya nemi sanin dalili. Jikokinsu yau kowa na da manhajar Yr a waya, suna duba ta awa-awa, amma ban ga wanda ya yarda da ita har ya bar rigar ruwansa a gida ba.

Laima tana da amfani a cikin Bergen, a lungunan Bryggen inda tsoffin gidajen katako na fataken Jamus ke tare iska. Da jirgi ya kwance, aikinta ya ƙare. Jirgin da kansa yana gudun kusan kilomita 28 a awa, ka haɗa da iskar teku, sai ruwan ya daina saukowa daga sama, ya koma zuwa ta gefe. Washegari da sassafe muka zagaya Stad, wani hancin ƙasa da ya kutsa cikin teku, inda babu tsibiran da ke kare jirgi. Wurin ya ci matuƙa da yawa, har an daɗe ana maganar fasa dutsen a yi ramin da jiragen ruwa za su riƙa bi. A nan na ga laimar wani bawan Allah ta kife, ƙarafunanta suka miƙe sama, ya tsaya riƙe da sanda yana kallon mutane.

Shigar da ta yi aiki kashi uku ce, kuma sirrinta a rashin kauri yake. A jikin fata riga 'yar shara-shara ta ulu mai dogon hannu. A kanta suwaita. A kan suwaita rigar ruwa mai hula, wadda ba ta da ɗumin kanta ko kaɗan, aikinta tare ruwa da iska. Jibgegiyar rigar sanyi guda ɗaya, irin wadda mutanenmu kan saya da sun ji an ce Turai, ba ta dace da wannan tafiya ba: in rana ta fito ka dahu a ciki, in ka tuɓe ka daskare, ba tsaka-tsaki. Mai kashi uku kuwa yana tuɓewa yana mayarwa yadda sama ta juya. Abin da ya sa aka hana auduga a jikin fata shi ne tana shan gumi ta riƙe, ruwa kuma yana janye ɗumin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu. Ulu kan sha laima har kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba tare da ka ji shi a jiƙe ba. Ba ruwan sama kaɗai ke jiƙa mutum a can ba. Wanda ya sa robar da ba ta numfashi ya hau tudu, guminsa ne zai jiƙa shi daga ciki, in ya tsaya hutawa sanyi ya kama shi.

Wannan matsala ta gumi tsohuwa ce a wurinsu. A 1877 wani kyaftin a garin Moss, Helly Juell Hansen, shi da matarsa suka fara jiƙa yadin lilin da mai suna ɗinka wa matuƙa rigunan ruwa. Sunansa na nan a ƙirjin rabin fasinjojin jirginmu. Waɗancan riguna suna tare ruwa amma nauyi gare su da ɗanko. Sai a 1969 wani Ba'amurke, Bob Gore, ya gano yadda za a miƙar da wata roba ta yi ƙofofi ƙanana ƙwarai, ɗigon ruwa ba ya iya shiga, tururin gumi yana iya fita. Daga nan yadin Gore-Tex da ire-irensa suka fito. Ba sai ka sayi mai wannan suna ba. Juya rigar ka duba cikinta: in an bi kowane ɗinki da wani siririn tef an liƙe, rigar ruwa ce, in zare ne tsirara, ta kafofin allura ruwan zai same ka, kuma a kafaɗa zai fara. Ka duba hular tana da igiyar tsukewa, zif ɗin yana da marfi. Wasu kan rubuta lamba a jiki, ma'aunin ƙarfin tare ruwa. Daga milimita 10,000 zuwa sama ya isa wannan tafiya.

A Alesund, garin da gobara ta cinye a Janairun 1904 aka sake gina shi da dutse, akwai matakala 418 da ake hawa zuwa kan tudun Aksla. A jiƙe suke, masu santsi, a nan takalmi ke nuna halinsa. Mai ƙasan roba da tsage-tsage ake so, wanda ruwa ba ya ratsa shi, da safar ulu. Ina cikin hawa ina haki sai ga ayarin yaran makarantar raino, ba wanda ya wuce shekara biyar, kowanne cikin kayan ruwa tun daga kai har ƙafa, ja da ruwan ƙwai da shuɗi, malamansu biyu na biye. Yayyafi ake yi sosai. Wani ya sami kududdufi ya zauna a ciki daram, ba wanda ya ce masa tashi. A ƙasar nan ba a fasa fitar da yara waje don ana ruwa, jarirai ma a keken turawa ake kwantar da su barcin rana a waje. Na daɗe ina kallonsu, na ga inda natsuwar manyansu a gaban ruwa ta samo asali.

Daga nan jirgi ya karkata ya shiga Geiranger, ɗaya daga cikin lungunan tekun da suke kira fiyod. Ƙanƙarar zamanin da ce ta rarake duwatsu ta bar wani dogon kwazazzabo, teku ta biyo ta cika shi. Tsawon na Geiranger kilomita 15, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2005. Dutse ta dama, dutse ta hagu, a miƙe kamar an yanka da wuƙa, jirginmu mai hawa-hawa ya koma ɗan mitsitsi a tsakani. Ranar gajimare ya sauko ya rufe kawunan duwatsun, sai ya zama ruwan da ke kwararowa kamar daga cikin sama kai tsaye yake zubowa. Akwai wurin da igiyoyin ruwa bakwai suka jeru suna faɗowa, mafi tsawonsu mita 250. 'Yan'uwa Mata Bakwai ake ce musu. A ɗaya ɓangaren akwai wani guda ɗaya mai faɗi, Manemi, wanda aka ce ya nemi aurensu ɗaya bayan ɗaya duk suka ƙi shi. A saman ganuwar dutsen, inda ko akuya za ta yi shawara kafin ta hau, ga kufan gonaki, har ana ba da labarin cewa masu su kan ɗaure yara da igiya kada su gangaro.

Da kyaftin ya matso da jirgi kusa da Bakwai ɗin, feshinsu ya haɗu da yayyafi, saman jirgi ya watse. Muka rage mu 'yan kaɗan, kuma da na duba, duk masu wandon ruwa ne. Shi ne kayan da aka fi rainawa, don ba shi da kyan gani, yana kuma ƙara in kana tafiya. Amma rigar ruwa duk abin da ta tare a cinya take juye shi, kujerun waje kuma kullum a jiƙe suke. Mai wandon jins da ya jiƙe ya gama kallo sai gobe, don jins ba ya bushewa a ɗakin jirgi cikin dare ɗaya. Wandon ruwan da za ka zura a kan na jikinka ba tare da cire takalmi ba, wanda in ka naɗe shi bai fi dunƙulen hannu biyu ba, shi ya ba ni Geiranger. A ganina kuma wanda ya ga wurin da rana tsaf bai ga rabinsa ba, don ruwan sama da narkewar dusar ƙanƙara su ke ciyar da waɗannan magangarai.

Trondheim mun same ta da rana tarwai, mutane kwance a ciyawa gaban babbar majami'ar Nidaros, rigar ruwa ta koma jakar goyo. Washegari da safe muka tsallaka layin Aktik, wajen digiri 66 da rabi a arewa, inda aka kafa siffar duniya ta ƙarfe a kan wani ɗan tsibiri. Ma'aikatan jirgi na da al'adar yi wa sababbin tsallakawa wanka: ka zauna, a ja wuyan rigarka ta baya, a zuba maka ludayin ruwa da ƙanƙara. Wannan kam babu rigar da ke tare shi. Daga Bodo wasu suka bi ƙananan jiragen gudu zuwa Saltstraumen, wani matsattsen mashigi mai faɗin mita 150 kacal da teku ke tura ruwa ta cikinsa duk bayan awa shida, ruwan na murɗawa yana buɗe ramuka. Masu kai mutane can su ke ba da nasu kayan, riga da wando a haɗe, har da tabarau, don haka ba sai ka ɗauko irinsu daga gida ba.

A tsibiran Lofoten hanci ne ya fara sanar da ni inda nake. Wani wari ne da na sani tun a kasuwar Sabon Gari. A bakin teku ga manyan ragayu na katako, wasu sun fi gida tsawo, inda ake shanya kifin da Inyamurai ke kira okporoko. Kifin yakan sauko daga tekun Barents tsakanin Janairu da Afrilu don ya yi ƙwai, a kama shi, a cire kai da hanji, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya a rataya, ba gishiri ba hayaƙi, iska kawai. Yanayin da ke wahalar da baƙo shi ne jarinsu: sanyin bai kai ya daskarar da naman ya farfashe ba, ɗumin bai kai ƙuda ya yi ƙwai a ciki ba. Zuwa Yuni an sauke yawancinsa. Masu kyan ana kai su Italiya, kawunan kuwa, da na tarar da ragowarsu a ɗaure tsibi-tsibi, Nijeriya suke nufa. Cinikin ya girmi yaƙin basasa, amma kifin da aka riƙa aikawa agaji tsakanin 1967 da 1970 ya ƙara zaunar da shi a tukwanen ƙasar. Wani dattijo da ke gyaran raga ya tambaye ni daga ina, da na faɗa masa sai ya nuna tarin kawunan da haɓa, ya ce to ga 'yan garinku nan suna jiran jirgi.

Wajen sha ɗayan dare, gari da haske kamar bayan la'asar, kyaftin ya sanar cewa iska ta kwanta, zai shiga Trollfjord. Bakinsa bai fi mita 100 ba, kuma ba kullum ake shiga ba, sai yanayi ya yarda. Ba a ruwa a lokacin, amma sanyin da ke fitowa daga duwatsun, masu dusar ƙanƙara a kai har cikin Yuni, ya sa kowa ya ja hular rigar ruwansa ya tsuke. Rabin aikin rigar ke nan, tare iska. Hular sanyi da safar hannu marar kauri, waɗanda na yi ta ganin kamar kayan wofi ne a jaka, a daren suka biya kuɗinsu. Jirgin ya shiga har ƙurya, ya juya a wurin da ka rantse ba zai juyu ba, dutse na kusa da mu har kana ganin gansakukan jikinsa.

A Tromso rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan 20 ga Yuli. Takan gangaro ta arewa kamar za ta faɗi, ta yi ja, ta fasa, ta sake hawa. Musulmi a nan sai ya tsaya ya yi tambaya, don ba magariba ba asuba a sararin sama. Masallacin garin kan bi jadawalin Makka a irin waɗannan watanni, shi na bi ni ma. Barci kuwa sai da ƙyallen rufe ido. Tabarau na rana ma ya shiga jerin kayan, don hasken da ke tashi daga ruwa yana kashe ido, kuma a jaka ɗaya yake zama da wandon ruwa.

Daga Honningsvag mota ke kai mutane Nordkapp, wani dutse mai tsayin mita 307 da ya yanke a kan tekun arewa, sama da digiri 71. Hanyar ba itace ko ɗaya, sai ciyawa da barewar Samawa, mutanen asalin yankin, suna kiwo. Sarakuna sun sha wahalar zuwa nan tun ba hanyar mota. Chulalongkorn na Siyam, Tailan ta yau, ya zo a 1907. Mun isa hazo ya rufe komai, ba ka ganin wanda ke gabanka da taku goma, iska na neman ɗaga mutum. Wata baiwar Allah mai dogon hijabi sai da mijinta ya riƙe ta, don iskar ta cika hijabin tana jan ta. 'Yan'uwa mata masu niyyar zuwa su nemi ɗan ƙarami mai kama kai, su ɗora hular rigar ruwa a kai. Yawancin ayarinmu suka koma cikin ginin baƙi suna shan shayi. Mu da kayanmu suka yarda muka tsaya, muna nan sai hazon ya yage ta gefe ɗaya, teku ta bayyana can ƙasa, baƙa, ba komai bayanta sai tsibiran Svalbard da ƙanƙarar ƙarshen duniya. Bai fi minti biyar ba ya sake rufewa. Waɗanda suka fito da gudu da kofi a hannu farin bango suka tarar.

Rigar da ke rataye a ɗaki hawa uku ƙasa ba ta da amfani a irin wannan wuri. 'Yar jakar goyo ita ce maganin, ba ta rabuwa da bayanka ko cin abinci za ka, da leda mai zif a ciki don waya da fasfo. Da dare ka rataye jiƙaƙƙun kaya a banɗaki, ka cusa takarda cikin takalmi ta tsotse laimar.

Kada ka bari sai ka isa ka saya, Norwe na cikin ƙasashe mafiya tsada a duniya. Irin waɗannan riguna suna zuwa cikin dilar gwanjo, ana samunsu a Ƙofar Wambai da makamantanta, sai dai tsohuwar riga tef ɗinta kan ɓanɓare, cikinta ya riƙa zubar da gari. Mai wannan alama ka ajiye ta komai arharta. Wadda ka zaɓa, ka sa ta a kan farar singileti, wani ya kwarara maka bokitin ruwa a kafaɗa, ka tuɓe ka duba. Lokacin tafiyar, Yuni zuwa Agusta, ya faɗo daidai da daminarmu, don haka ka yi cinikin tun cikin Maris ko Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka 'yan gwanjo su ɗaga kuɗin rigar ruwa.